Wace kalma za mu ba "accento" na Italiyanci?

1. 'Yan'uwa masu koyon Italiyanci, ina neman shawararku. "Sillaba" ba ta da gardama, gaɓa ce, mun daɗe da ita a nahawunmu. Inda na tsaya shi ne "accento", wato gaɓar da murya ke dannewa a cikin kalma.

2. Abin ba ƙarami ba ne a aikatau. PAR-lo, ina magana. Par-LÒ, ya yi magana. Baƙaƙe da wasula ɗaya ne, wurin dannawa kaɗai ya sauya mai yin aikin da lokacinsa. Haka ca-PI-to, an gane, da CA-pi-to, nakan faɗo wuri ba shiri.

3. Wani malam ya ce mu kira shi karin sauti. Allah ya gafarta malam, a nan ban bi ka ba. Karin sauti hawa da saukar murya ne, kowace gaɓa ta Hausa tana da nata, shi kuwa wannan gaɓa ɗaya tak yake zaɓa. "Nauyi" ma an riga an ba gaɓa mai dogon wasali ko mai rufewa da baƙi. Ni "danni" na zaɓa.

4. Idan danni ya zauna, sauran sunayen za su biyo shi. Mafi yawan kalmomin Italiyanci "piane" ne, dannin yana gaɓa ta biyun ƙarshe, kamar par-LA-te: mu ce shimfiɗaɗɗiya. "Tronca", mai danni a ƙarshe irin parlò, guntulalliya.

5. Wadda ta fi burge ni ita ce "sdrucciola". Daga aikatau "sdrucciolare" take, zamewa. Ka danne ta ukun ƙarshe, sauran biyun su sulale: PAR-la-no, suna magana. Mai santsi ke nan. A nan ne bakin Bahaushe ya fi karkata ya ce par-LA-no, kuma rubutu ba ya sa alamar da za ta tsayar da shi. Te-LE-fo-na-no, mai danni a ta huɗun ƙarshe, sai mu ce mai santsi biyu.

6. Tagwayen baƙi kuwa shadda ce, duk ɗan makarantar allo ya san ta. Wanda ya bambance daba da dabba zai bambance par-le-RE-mo, za mu yi magana, da par-le-REM-mo, da mun yi magana. Wajen raba gaɓa, baƙi ɗaya ya rufe ta farko, ɗayan ya buɗe ta gaba.

Masana nahawu, danni ya karɓu, ko kuna da wadda ta fi ta?