Shin yaƙin Yukren ya rage wa Rasha kwarjini a idon ƙawayenta?

Ɗalibin Siyasa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ranar 8 ga Disamba 2024, da Bashar al-Assad ya bar Damaskus ya nufi Mosko, wata tambaya take yi mini yawo a zuciya. Rasha ce ta shiga yaƙin Siriya a watan Satumba na 2015, jiragenta suka yi ta ruwan bama-bamai har gwamnati ta ƙwace birnin Halab a ƙarshen 2016, amma da 'yan tawaye suka sake tasowa ranar 27 ga Nuwamba 2024, ba a cika mako 2 ba komai ya rushe, kuma Rasha ba ta yi abin da ya wuce 'yan hare-hare ta sama ba. Shin gazawa ce ta hana ta, ko kuwa ba ta so ba ne? Idan gazawa ce, me hakan yake yi wa martabarta a duniya?

Tsohon Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, ɗana. A ganina gazawa ce, domin taura biyu ba ta taunuwa. Tun da Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu 2022, mafi yawan sojojinta da makamanta suna can, har ta kai ga kiran sojojin ko-ta-kwana 300,000 a watan Satumba na wannan shekarar, da sayen jirage marasa matuƙa daga Iran da harsasan atilare daga Koriya ta Arewa. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: Turkiyya ta rufe mashigan ruwanta ga jiragen yaƙi bisa yarjejeniyar Montreux ta 1936, wanda ya sa jigila daga Bahar Aswad zuwa sansanin jiragen ruwa na Tartus da ke Siriya ta yi wa Rasha wuya.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Armeniya, saboda ita akwai alkawari a rubuce. Tana cikin ƙungiyar tsaro ta CSTO da Rasha take jagoranta, wadda ƙa'idarta ita ce hari a kan ɗaya hari ne a kan duka. A watan Satumba na 2022 Azarbaijan ta kai hari cikin ƙasar Armeniya kanta, Armeniya ta nemi ɗauki, ba a aika mata da soja ko ɗaya ba. Shekara guda bayan haka Azarbaijan ta karɓe yankin Nagorno-Karabak, wanda yake hannun Armeniyawa, cikin kwana ɗaya, a gaban dakarun wanzar da zaman lafiya na Rasha kusan 2,000, Armeniyawa fiye da 100,000 suka bar gidajensu. A watan Fabrairu na 2024 Firaminista Nikol Pashinyan ya sanar da cewa ƙasarsa ta jingine shiga harkokin ƙungiyar. Kwarjinin babbar ƙasa yana ginuwa ne a kan yaƙinin ƙawayenta cewa za ta zo idan an kira ta, kuma wannan yaƙinin ne ya samu tasgaro.

Hajiya Mai Nazari:

Malam, na yarda da bayaninka, amma ina ganin bai kamata mu yi gaggawar yanke hukunci ba. Amurka ta bar Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, a watan Afrilu na 1975 cikin kunya, ta kuma bar Kabul a watan Agusta na 2021 duniya tana kallo, duk da haka ƙawayenta ba su watse ba, domin dala da kasuwarta da fasaharta suna nan. Wanda ya faɗi da gaske shi ne Birtaniya a rikicin mashigin ruwan Suwez na Masar a 1956, kuma ba a fagen daga aka kayar da ita ba. Matsin da gwamnatin shugaban Amurka Eisenhower ta yi wa kuɗinta ne ya tilasta mata janyewa. Rasha har yanzu tana da makaman nukiliya da kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu, Indiya da Sin suna sayen manta, kuma shugabanni da dama sun halarci taron BRICS, ƙungiyar ƙasashe masu tasowa, a birnin Kazan na Rasha a watan Oktoba na 2024. Babbar asararta a wurina ita ce shigar Finland ƙungiyar NATO a 2023 da Suwidin a 2024, wato ainihin abin da ta ce tana yaƙi don hanawa.

Ɗan Damagaram:

Malam da Hajiya, Allah ya ƙara basira. Mu a nan Nijar wannan muhawara ta shafe mu kai tsaye, domin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 sojojin Faransa sun fice a watan Disamba, masu horarwa na Rasha suka sauka Yamai a watan Afrilu na 2024, sannan Amurka ta bar sansaninta na Agadas a watan Agusta. Ban ga laifin neman sabbin abokai ba, don shekarun da Faransa ta yi a Sahel ba su kawo ƙarshen ta'addanci ba, wanda shi ma misali ne na iyakar ƙarfin soja. Sai dai abin da ya faru a Tinzawaten, a arewacin Mali, a ƙarshen watan Yuli na 2024, inda 'yan tawaye suka kashe sojojin haya na kamfanin Wagner na Rasha da dama tare da sojojin Mali, ya nuna cewa mutanen da Rasha take iya turowa nan ƙalilan ne, kuma ba su da isassun jiragen da za su kai musu ɗauki a cikin hamada. Sansanin Humaimim na Siriya ne zangon da jiragen Rasha suke yada kafin su ƙaraso Libiya da Sahel, saboda haka duk yarjejeniyar da za ta cim ma da sabuwar gwamnatin Damaskus a kan wannan sansani za ta shafi abin da zai iso Bamako da Yamai.