Ɗalibi ya ja da malaminsa: musayar baitoci

Mai Tawada:
Jama'a ga tambaya, amsa da waƙa kawai.

Shafi'i ya durƙusa gaban Maliku a Madina,
Muwaɗɗa, littafin Maliku, ya haddace tun kafin zuwa.
Da ya sauka Masar sai ya ɗau alƙalami,
Yana bin fatawar malaminsa yana warwarewa.
Ni dai a wurina wannan butulci ne,
Ka sha ruwan rijiya, ka dawo kana cikewa?

Ɗalibar Fiƙihu:
Haba Malam, sassauta, ba shi ya fara ba,
Laisu ɗan Sa'adu, malamin Masar, ya riga shi rubutawa.
Maliku ya ce aikin Madina shi ne hujja,
Laisu ya amsa da gaisuwa da girmamawa:
Sahabbai ai ba su taru a gari ɗaya ba,
Sham da Masar da Iraƙi duk sun yi ta watsuwa.
Malaman Madinar ma sun saɓa a junansu,
To na wa za a ɗauka babu tantancewa?

Mai Tawada:
Malama, Laisu da mai rai ya yi jayayya.
Maliku ya rasu a 179 bayan Hijira, kin sani kuwa,
Shafi'i sai wajen 199 ya shiga Masar.
Wanda ke kabari yaya zai iya ramawa?

Dattijo:
Ɗana, ka manta zamansa a Bagadaza,
Shi da Shaibani, almajirin Abu Hanifa, ido da ido suna fafatawa.
Shaibanin ma shekara uku yana gun Maliku,
Ya koma ya yi wa Madina raddi babu ragawa.
Shafi'i bai bar kansa ba balle wani,
Maganarsa ta Iraƙi a Masar ya yi ta sakewa,
Tsohon ƙauli da sabo har yau ana karantawa.
Maliku fa? Halifa ya so ɗora Muwaɗɗa kan kowa,
Mai littafin da bakinsa ya yi hanawa.

Mai Tawada:
Baba na sauko, amma ba duka ba.
Ibnu Hazmi na Andalus fa, mai harshen yankewa?
Da takobin Hajjaju ake kwatanta shi,
Har a Ishbiliya littattafansa suka sha ƙonewa.

Ɗalibar Fiƙihu:
Harshen nan ni ma ba na kare shi, Malam.
Amma littafinsa Muhalla na nan, buɗe ka ga zubawa:
Hujjar abokin hamayya yakan kawo kafin rusawa.
Baba, kai ne babba, shi a wane sahu kake sawa?