Kwamfutar ofis ta ƙi hawa intanet, alhali wayoyi na aiki

Mai tambaya, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka mini da shawara. Ina da ɗan ofishin aika kaya zuwa Kano a nan unguwar Balad, kwamfutar da muke fitar da rasit da ita ta daina buɗe komai. Alamar Wi-Fi na nuna ta haɗu, amma an rubuta babu intanet. Wayoyinmu kuwa a kan rauta ɗaya suke da ita, lafiya lau suke aiki, kuɗin wata ma na biya. Windows 10 ce. Masu kaya na tsaye a kaina, ko akwai abin da zan yi kafin in kira kamfanin intanet?

Hajiya, Makka:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Ka zare rautar daga wuta, ka bar ta minti ɗaya sannan ka mayar, ita ma kwamfutar ka kashe ka kunna. Ka kuma duba inda ka ajiye ta. Tamu idan zafi ya tsananta sai ta riƙa yankewa, sai da muka ɗauke ta daga jikin taga muka huta.

Ɗalibi, Madina:
Baba, in faiba ce gare ku, wato layin intanet mai aiki da haske, ka duba fitilar da aka rubuta LOS a jikin akwatin. In ja take nunawa, haske ba ya isowa daga waje, wannan aikin kamfani ne.

Mai gyaran kwamfuta, Riyad:
Malam ɗalibi ya yi gaskiya, sai dai da layin waje ne ya yanke da wayoyin ma sun tsaya. Amma Alhaji ka tabbatar tukuna: kashe datar wayarka, ka bar Wi-Fi kaɗai. Mutane da yawa suna zaton rauta ce ke ba su, ashe layinsu ne ke ci.

In har yanzu wayar na aiki, to ciwon yana jikin kwamfutar. Rubuta cmd a wurin bincike, baƙin allo zai fito, ka sa ipconfig. In lambar IPv4 ta fara da 169.254, rauta ba ta ba kwamfutar adireshi ba, kwamfutar ce ta laƙaba wa kanta. Maganinsa ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. In kuwa 192.168 ka gani, adireshi ya samu, sai ka ɗauki lambar da ke gaban Default Gateway, wato adireshin rauta, ka yi mata ping: ka rubuta ping sannan lambar, ka ga ko za ta amsa. Bayan ita ka gwada ping 8.8.8.8, lambar DNS ta Google, sannan ping google.com. Duk inda amsa ta tsaya, nan matsalar take. Idan 8.8.8.8 ta amsa amma sunan ya ƙi, DNS ne, mai juya sunan shafi zuwa lamba. Ka sa ipconfig /flushdns, in ya ƙi ka mayar da DNS ɗin 8.8.8.8.

Abin da na fi zargi shi ne VPN, manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata hanya daban. A nan Saudiyya kusan kullum sai an kawo mini irin wannan. Wasu manhajojin VPN suna toshe hanya gaba ɗaya da zarar sun kasa haɗuwa, ko da ba ka buɗe su ba. Kuma don Allah kada wani ya ce ka danna ɗan ramin Reset na bayan rauta, zai goge saitinka duka, wayoyin ma su tsaya.

Mai tambaya, Jidda:
Alhamdu lillah. Lambar 192.168 ce, rauta ta amsa, 8.8.8.8 ta yi shiru. Na tambayi yaron ofis, ya ce ya sa VPN kwanakin baya kuma wa'adinsa ya ƙare. Mun cire shi, mun kashe mun kunna, yanzu haka rasit nake bugawa. Allah ya saka muku da alheri.

Mai gyaran kwamfuta, Riyad:
Amin Alhaji. Ka leƙa saitin Proxy ma a kwamfutar, shi ma yana karkatar da hanyar intanet, in ka ga an kunna shi ka kashe, wasu VPN ɗin sukan bar shi a kunne bayan an cire su.