Ba ni da albashi, ba ni da fansho: yaya zan yi tanadin gaba?

Mai zane, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Shekara bakwai ke nan ina zana fosta da katin biki da kwamfuta, ba na ƙarƙashin kowa. Lokacin zaɓen 2023 aiki ya yi mini yawa har ina kwana a shago, na riƙe kuɗin da ban taɓa riƙewa ba, amma kafin damina ta kankama sai da na ci bashi na sauya batirin sola. Yanzu ina da mata da 'ya'ya biyu, ga zaɓen 2027 a gaba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a sana'a su nuna mini hanya.

Mai ɗaukar hoto, Argungu:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ya cece ni shi ne yanka wa kaina albashi. Ka tattara abin da ka samu a wata 12 da suka wuce, ka raba shi gida 12, ka rage kaɗan, wannan shi ne albashinka. Kuɗin aiki su shiga asusu ɗaya, na cefane su fito daga wani, ko da a wata guda ka samu na wata biyar. Sai dai kada ka bar rarar tana kwance a naira, domin a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Ni da kaka nake sayen shanshera in adana zuwa bazara, ina kuma turke raguna biyu saboda Babbar Sallah.

Mai fassara, Gusau:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganar albashi ta yi daidai, amma ajiyar hatsi ba ta da tabbas, domin a 2025 farashi ya faɗi, da yawa daga waɗanda suka cika rumbu ba su mayar da uwar kuɗinsu ba. Malam, tun 2019 hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe wa masu sana'ar kansu tsarin fansho, inda mutum zai zuba abin da ya sawwaƙa kullum ko mako-mako ko wata-wata, a ware masa wani kaso da zai iya cira idan lalura ta taso, sauran kuma sai ya kai shekara 50. Idan kana gudun kuɗin ruwa, akwai Sukuk, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, na Gwamnatin Tarayya da aka fara sayarwa a 2017, ni da naira 10,000 na fara. Ka kuma shigar da iyalinka inshorar lafiya ta KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kebbi, saboda jinya ɗaya ce ta cinye mini adashin shekara guda.

Mai gidan ɗab'i, Jega:
Ɗan'uwa, ka dubi sana'ar kanta. Yau yaro da wayarsa yana haɗa katin biki a manhajar zane ta Canva, don haka zane kaɗai ba zai riƙe ka shekara goma ba. Ka yi wa sana'arka rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka samu lambar haraji, domin da su makarantu da ƙungiyoyi suke ba da kwangila. Ribar zaɓe mai zuwa ka zuba ta a injin buga takardu, kuma kada ka taɓa aikin ɗan siyasa sai ya biya rabi tukuna.

Mai zane, Birnin Kebbi:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na zauna da littafin shago na raba kuɗin bara gida 12, na tarar cefanen gidana ya fi albashin da ya fito. Baba, a nan me zan fara ragewa?