Shekara biyar a waje ɗaya a Jidda: ku da kuka samu ƙarin girma, ya kuka yi?

Abu Usman, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda abin ya taɓa faruwa da su nake son ji daga bakinsu. Shekarata biyar har da wata biyu a mustauda, wato sito, na wata sharika (kamfani) ta kayan abinci, ni ke karɓar kaya ni ke fitarwa, ko tsakar dare ka tashe ni na san inda kowane kwali yake, amma ratib ɗina, wato albashina, riyal 2,200 ne tun ranar da na shigo har yau. Watan jiya aka kawo wani yaro aka ɗora shi mushrif, wato mai kula da aiki, a kanmu, kuma ni mudir, manajanmu, ya ce in koya masa aikin. Wlh abin ya tsaya min a rai. In ajiye ne, in nemi naƙalin kafala, wato a mayar da ni ƙarƙashin wani uban aiki, ko in ƙara haƙuri?

Alhaji na Batha, Riyad:
Wa alaikumus salam ƙanena. Duk abin da za ka yi kar ka rubuta istiƙala, wato takardar ajiye aiki, cikin fushi. Ni na yi a 2016 bayan shekara huɗu ina karɓar dubu uku, kuɗin sallamata da ya kamata ya zama 6,000 sai 2,000 aka miƙo min, na tada jijiyar wuya aka buɗe min nizam, dokar ƙwadago ta Saudiyya, na ga da gaskiyarsu. Lissafin shi ne rabin albashin wata a kowace shekara na shekaru biyar ɗin farko, daga nan wata guda cur a kowace shekara. In kai ka ajiye da kanka, ƙasa da shekara biyu ba ka da ko halala, biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku, sama da biyar kashi biyu cikin uku, sai ka kai goma ka kwashe duka. Amma in akadin ne, wato kwantiragin aikinka, ya ƙare ka ce ba ka sabuntawa, cikakke za a ba ka. Ka shiga Qiwa, shafin gwamnati na harkar ma'aikata, yau ɗin nan ka duba ranar da naka zai ƙare.

Ɗan Hindawiyya, Makka:
Yaya tambaya ɗaya, wace mihna, wato sana'a, aka rubuta a kan iƙamarka, katin zamanka a ƙasar? Domin ni nan ne ya riƙe ni shekara da shekaru, ina gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, fiye da wasu masu kwali amma takarda na cewa amil, wato lebura, duk sharikar da na je sai su yaba aiki su duba kati su ce sai mun kira ka. Sai da na zauna fahasin mihna, jarrabawar sana'a, na ci, kafil, wato uban aikina, ya canza min zuwa fanni, ƙwararren mai gyara, sannan aka fara yi min maganar kuɗi mai kauri. Kuma yaron da aka kawo, in ɗan ƙasa ne kar ka ɗauka da zafi, tun 2011 da Niɗaƙat ta zo, tsarin da ke tilasta ɗaukar 'yan ƙasa aiki, kowace sharika neman cike adadinta take don kar ta faɗa ja, rukunin waɗanda suka gaza, wasu kujerun ma irin na shu'unul muwazzafin, ofishin kula da ma'aikata, an ware musu ne gaba ɗaya. Ka nemi kujerar da ba a rufe ba.

Maman Hanan, Madina:
Malam Abu Usman naka ya tuna min nawa sosai. Ni nas ce, na sha wahalar DataFlow (tantance takardu) da Prometric (jarrabawa) kafin in samu tasnifi, wato rajistar matakin aikina, na zo na ɗauka shi ke nan aiki zai yi magana da kansa. To ba ya yi. Lokacin Hajji da Umara in an kawo alhazanmu na Najeriya da Nijar, tsoho na nishi ba wanda ya san me yake cewa, daga kowane sashe ni ake kira in yi tafinta, wani lokacin dawam, wato lokacin aiki, ya tashi ina nan tsaye a kan mara lafiyar da ba nawa ba, kuma ban ƙi ba don na san lada ne, amma da aka zo taƙyim, auna ƙwazon ma'aikata na ƙarshen shekara, ko layi ɗaya ba a rubuta ba. Na koma gida na yi kuka na gode Allah. Shekarar da ta biyo na sayi ƙaramin littafi, duk kiran da aka yi min sai in rubuta rana da sashe da sunan likitan da ya kira, na kai wa shugabarmu na ce don Allah a sa wannan a fayil ɗina. Ta yi ta juya shafukan tana mamaki, wai ita ba ta san abin ya kai haka ba. A sabuntawar da ta biyo aka ba ni riƙon shifta. Koyar da yaron nan da kake yi ma aiki ne, rubuta shi da kwanan wata.

Bahaushen Dammam:
Ni dai gaskiya tafiya na yi kuma ban yi nadama ba. Tun Maris 2021 ma'aikacin sharika in ya cika shekara yana iya komawa wani waje ba sai kafil ya yarda ba, sabuwar sharikar ce za ta turo maka tayi ta Qiwa ka danna amincewa ka cika kwanakin sanarwa. In an riƙe maka albashi wata uku a jere ma ba sai ka jira shekarar ba. Masu aikin gida da direban gida ban da su fa, nasu ta Musaned ne, shafin gwamnati na masu aikin gida, kar wata 'yar uwa ta karanta ta ɗauka har da ita. Abu biyu: kar ka daina zuwa dawam sai naƙalin ya kammala don kar a buga maka hurub, wato rahoton ka gudu daga aiki, sannan ka samu leburorin sabon wajen a masallacinsu ka tambaye su ranar nawa ga wata ratib ke shiga.

Alhaji na Batha:
Na Dammam ya faɗi gaskiya amma a ƙara da cewa fita kafin akadi ya ƙare na iya jawo maka biyan diyya, a karanta sharaɗin tukuna. Ni da zan ba ka shawara ƙanena, fara gwada gida. Wajen da nake yanzu saura wata biyu a sabunta na samu mudir bayan Azahar ofis ba kowa, ban ce wane ya fi ni ba, ban kawo maganar iyali ko kuɗin haya ba, takarda ɗaya na ajiye masa ta kayan da suka daina ɓata tun da na karɓi sito da Excel ɗin da na koya da dare, na faɗi adadin da nake so da bakina. Bai ba ni duka ba, ya ƙara 600 kuma na ce a sa a akadin Qiwa, ba alkawarin baki ba.

Abu Usman:
Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na duba, akadina saura wata huɗu, mihnar kuwa amil tahmil wa tanzil ce, wato har yau a takarda ɗan dako ne ni. Na sayi littafi irin na Maman Hanan, ran Lahadi zan fara rubutu. Ɗan Hindawiyya, maganar canjin mihnar nan, ita zan fara kai wa mudir ko in haɗa ta da ta ƙarin albashi a zama ɗaya?