Naman albasa irin na Napoli: ya ƙone kuma bai yi laushi ba

Maman Walida, Bunkure:
Assalamu alaikum. Akwai wata dahuwar naman sa na Italiya da ake kira Genovese, girkin gado ne a gidajen birnin Napoli, an fi yin sa ranar Lahadi. Nama ne da albasa, ba tumatir ba attaruhu. Ganin albasa ta yi araha na gwada a murhun itace, sai gindin tukunya ya kama, naman kuma kamar igiya. Ina kuskuren yake?

Hajiya Ladi, Ringim:
Wa'alaikumussalam Maman Walida. Fara da naman. Tsoka zalla ba ta jure doguwar dahuwa, bushewa take yi. Ki ce wa mahauci ya ba ki ƙwauri, wuya ko kafaɗa, inda jijiya take da ɗan kitse. Jijiyar nan ce ke narkewa ta ba romon danƙo. A yanka manya, kamar dunƙulen hannu.

Ma'auni: nama kilo 1, albasa kilo 2, karas 1, mai cokali 5. Su man zaitun suke sawa, amma man gyaɗa ya wadatar. Suna sa seleri ma, wani ganyen miya mai ƙamshi, in babu a ƙyale shi. Ki tsane naman, ki soya shi kashi biyu har ko'ina ya yi ja. Idan kika zuba gaba ɗaya ruwa zai fito, ya zama tafashe. Sai karas yankakke ƙanana, sai albasar da aka yanka siri-siri, a barbaɗa gishiri cokali 1 a rufe. Kada ki zuba ruwa. Gishirin zai jawo ruwan albasa, cikin rabin awa za ki ga ya kusa rufe naman, a ciki zai dahu.

Malam Sani mai abinci, Kura:
Maganar Hajiya haka take. Ni dai wutar nake zargi. Harshen wutar itace na ƙafar da ruwan albasa tun nama bai nuna ba, albasa kuma tana da zaƙi, da ta bushe sai ta kama. Bayan suya ki janye itacen, ki bar garwashi, ko ki koma kan gawayi ki yayyafa masa toka. Tafasar ta zama ɗis-ɗis. Awa 3 a rufe, kina juyawa duk minti 20, sannan awa 1 zuwa 2 murfi a karkace, har albasar ta narke ta yi kauri, kalarta kamar zuma mai duhu. A wannan gaɓar ta ƙarshe ake yin asara, kada ki yi nisa da murhu. Shanunmu na kiwo sun fi tauri, tsohon sa zai iya cin awa 6. In romon ya ƙafe kafin nan, ludayi ɗaya na ruwan zafi, ba na sanyi ba. Tukunyar ƙasa ko mai kaurin gindi ta fi. In ya riga ya kama, kada ki kankare, juye na saman a wata tukunya.

Maman Walida, Bunkure:
Na gode. To in na jefa 'yar kanwa don ya yi sauri fa? Kuma na ji suna zuba giya.

Hajiya Ladi, Ringim:
A'a, bar kanwa. Za ta dagargaza albasar da wuri, ta baƙanta romon, ta bar ɗanɗanon sabulu. Giya kuwa gaskiya ne, suna zuba farar giya kaɗan bayan suya. Mu ba ma sawa. Aikinta ɗan tsami ne da ke rage zaƙin albasa, don haka cokali 2 na jiƙaƙƙiyar tsamiya a awar ƙarshe ya isa, da ɗan masoro. A Napoli romon ake juyawa da makaroni mai rami da suke kira ziti, a kakkarya shi da hannu kafin a dafa, sai a kawo naman daga baya a faranti dabam. Da shinkafa ma yana tafiya. Ki tsame makaronin tun bai gama dahuwa ba, ya ƙarasa minti 2 a cikin romon.