Neman kalmar Hausa: me za mu kira "inning" a wasan besbol?

Baban Khalifa: Jama'a, ana shirya jagora ga masu zuwa kallon besbol a Amurka, kuma "inning" ta tsaya mana a wuya. Wasa ɗaya yana da guda 9. A kowanne baƙi ne ke fara bugu har a fitar musu da mutum 3, sai masu gida su karɓa. Zagaye za mu ce, ko zango?

Maman Ummi: Zagaye zai kawo ruɗani, Malam. Mai bugu zagaya tashoshi 4 yake yi kafin ya ci maki, kuma mun riga mun saba da "zagaye na biyu" a gasar kofi. Zango kuwa ya fi kama da abu mai ƙayyadadden lokaci, alhali wannan ba agogo ke yanke shi ba.

Ɗan Gusau: A ɗauko turmi daga dambe. Kowa ya san ana ƙirga turmi, a ja daga, a rabu, a dawo.

Baban Khalifa: Amma a dambe ai lokaci guda ake kai wa juna hannu. Nan kuwa karɓa-karɓa ne.

Ɗan Gusau: Sai a raba shi biyu: rabin baƙi da rabin masu gida. Turawa sama da ƙasa suke cewa, don a allon maki layin baƙi ne a sama. Namu ya fi fayyacewa.

Maman Ummi: Na yarda, kuma matafiyi yana bukatar rabin nan, domin a kansa kuɗin tikiti ke tafiya. A gasar MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, in ruwa ya tsayar da wasa bayan turmi 5, ko huɗu da rabi in masu gida ke gaba, ana iya ɗaukar wasan ya kammala, tikiti ya ci kansa. In bai kai nan ba, tun 2020 ana ci gaba daga inda aka tsaya a wata rana. Matsalar ita ce wace rana. Ƙungiyoyi kan buga wasa 3 ko 4 a jere a gari ɗaya. In na farko ne ruwa ya ɓata, galibi washegari a haɗa biyu. In na ƙarshe ne, baƙi sun kama hanya, ramuwar tana iya kai makonni, mai tikitin jirgi ya daɗe da komawa gida. Don haka a sayi wasan farko, a bar kwana ɗaya rara, musamman a filaye marasa rufi irin Fenway Park na Boston da Wrigley Field na Shikago. Toronto da Miyami suna da rufin da ake rufewa.

Ɗan Gusau: A ƙara da "ƙarin turmi" in an yi kunnen doki bayan na 9. A Japan ana tsayawa a na 12 a tashi canjaras, a Amurka sai an samu gwani. A 1981 ƙungiyoyin Pawtucket da Rochester na ƙaramar gasar Amurka sun kai turmi 33 a wasa ɗaya. A duba lokacin jirgin ƙasa na ƙarshe kafin a shiga fili.

Baban Khalifa: To, an tsaya a kan turmi, rabin baƙi, rabin masu gida, ƙarin turmi. Hajiya, jam'in fa?

Maman Ummi: A bar shi yadda 'yan dambe ke faɗa: turmi tara, ba turame tara ba.